Watan Tumba

Duk wanda aka kawo shagona koyon aiki, ba ya cika yini bai yi mini tambayar nan ba. Zai tsaya gaban tsohon allon da ke jingine a kusurwa, ya karkata kai kamar wani gwani, ya ce, "Oga, ai an riga an zana watan. Kuma ga shi wani ya ɓata shi da yatsa." Na gaji da ba da amsa guntu-guntu ina riƙe da burushi, shi ya sa na zauna in rubuta muku ita gaba ɗaya, ku da kuke ganin zanen teku da farin wata aikin rabin awa ne don kun ga wani ya yi shi a waya yana murmushi. Wancan na wayar, an yanke wurin da ya yi gumi ne.

Sunana Sale. A unguwar Gwadabawa, nan Jimeta, in ka ce Sale za a tambaye ka wanne, amma in ka ce Sale Mai Fenti kowa zai nuna maka ƙofa. Fatauci ne ya kawo kakana Jimeta daga Kano, babana ya yi ɗinki, ni kuma na kauce na bi fenti, abin da babana bai taɓa ganewa ba har Allah ya karɓi abinsa. A wurinsa mai hankali ba ya fita da farar riga ya dawo da ita launi-launi.

Ubangidana a sana'ar nan Baba Filibus ne, mutumin wajen Numan, tsohon soja. Aikin soja ya taɓa kai shi Ikko, a can ya koyi zane, kuma shi kaɗai ne a cikinmu ya taɓa ganin teku da idonsa. Bai taɓa barin mu mun manta da haka ba. Ni har yau da furfurata ban ga teku ba. Iyakar ruwan da na sani kogin Binuwai ne in ya cika da damina, sai tafkin Geriyo. Amma tekun da na sayar a garin nan, da na gaske ne da Jimeta ta nutse tuntuni.

Ba teku ne ke ciyar da shago ba. Allon shaguna ne, da rubutun bayan manyan motoci, da sunan makaranta a jikin katanga, da kawunan nan na ƙofar masu aski. Duk waɗannan da fentin gwangwani ake yin su, wanda in ka shafa da safe, kafin la'asar ya sha iska. Fentin zane, wato fentin mai, wanda ake matsowa kamar man goge baki, shi wani hali gare shi daban, kuma da shi ake yin abin da mutum zai rataya a falonsa. A cikin abin ratayawa kuwa babu mai tafiya kamar teku da farin wata, don babu mai rai a ciki. Alhaji zai rataya, Fasto zai rataya, mai otal zai rataya, amarya ma ta sa a kayan ɗakinta, babu wanda zai zo ya ɗaure fuska.

Na tuna wani da na yi wa wani Modibbo, malamin Fulani, a Bako, cikin Yola, don ɗakin baƙinsa. Don ƙawa sai na ja 'yan layuka biyu a sama, alamar tsuntsaye daga nesa. Na ɗaura a bayan keke na kai masa. Ya sa tabarau ya daɗe yana kallo.

"Boɗɗum," ya ce da Fulatanci, "ya yi kyau. Amma waɗannan biyun fa, Sale?"

Na ce, "Allah ya gafarta Modibbo, layi ne kawai. Ko ido ba su da shi."

"To ina za su?"

Na ce gida za su.

Ya cire tabarau ya ce, "Abin da ya san hanyar gida ai mai rai ne. Mai da su gajimare."

Na mai da su gajimare, ya sa aka kawo mini fura da kindirmo, muka rabu lafiya. Tun ranar tekuna bai sake samun tsuntsu ba.

Yanzu allon. Filawud ne mai kauri, Baba Filibus ya ɓalle shi daga jikin wani tsohon akwatin kaya tun kafin a yaye iyayenku. Ku ɗaga shi ku ji nauyi. Rabin nauyin nan fenti ne. Dokar Baba Filibus ita ce, duk mai koyo, zanensa na farko da fentin mai teku ne da farin wata, kuma a kan allon nan. In ya gama ya bushe, a jingina shi a bakin ƙofa masu wucewa su yi dariyarsu su ƙoshi. Sannan mai zanen ya ɗauki samfefa ya rage kaifin fentin, ya shafe aikinsa baki ɗaya da duhu, ya bar wa na bayansa wuri. Da hannunsa zai shafe. Oga ba ya shafe masa, abokin aiki ba ya shafe masa. Baba Filibus ya ce yaron da ke tausayin zanensa na farko, haka zai ƙare yana lallaɓa kuskurensa har ya tsufa.

Samfefa ba ta cinye wata duka, don da kauri ake ɗora shi. In kun shafa allon da tafin hannu za ku ji ƙulu-ƙulu a ƙarƙashin fenti. Kowane ƙulu watan wani ne. Nawa yana sama ta hagu. Na kusa da shi na wani Danladi ne da ya koma tuƙin tirela, na ƙasa kaɗan na wani da yanzu limami ne, in ya wuce ta nan sai ya leƙo ya shafa nasa ya yi dariya.

Ranar da na fara nawa, na matso baƙi na lafta wa allon kamar mai shafen kwalta. Baba Filibus ya zo ya tsaya a bayana ya ce, "Sale, dare za ka zana ko gindin tukunya?" Daga ranar na san dare ba baƙi ba ne. Shuɗi mai duhu ake haɗawa da ruwan ƙasa a kan fasasshen gilashin taga, a tsinka da kananzir, a shafa siriri. Layin da ruwa ya haɗu da sama ba a jan sa da ido, don idonku maƙaryaci ne. Zare ake shafa wa alli a ɗame shi a ɗalla. In layin nan ya karkace, duk wanda ya kalli zanen zai ji kamar ruwan zai zubo masa a kafet.

Daga duhu ake tafiya zuwa haske, daga siriri zuwa kauri, fari kuma shi ne na ƙarshe. Mai gaggawa yakan sa fari da wuri, ya yi ta jan burushi yana neman gyara, kafin ya ankara sama da ruwa duk sun koma kalar ruwan wanke-wanke. Hasken da ke sauka a kan ruwa, can nesa siriri ne, layukansa a matse, yana matsowa yana faɗi yana kakkaryewa. Hannu a kwance, ka taɓa ka ɗaga, ka taɓa ka ɗaga. Kuma dole ya sauko daidai ƙarƙashin watan. Na taɓa samun wani da watansa ke gabas haskensa ke yamma, na tambaye shi ko janareto ya ajiye a ƙarƙashin ruwan.

Shi kansa watan ba da burushi ake sa shi ba. Wuƙar haɗi ce, wadda mu tsohon bakin zarton ƙarfe muke wasawa mu yi ta da shi. Fari da ɗan ɗigon rawaya, ba a tsakiyar allo ba, ba kuma babba ba, don duk sabon shiga watansa faifai ne. Ka ɗebo, ka ɗora, ka murza sau ɗaya, ka janye hannunka. Daga nan aikinka ya ƙare, na haƙuri ya fara.

Zafin Yola da ke busar da wanki kafin ka gama shanya, babu ruwan fentin mai da shi. Sama za ta bushe, ruwa zai bushe, shi kuwa wata sai ya yi fata a waje cikinsa ɗanye sharaf, ya yi makonni a haka. Mu kuma da muka taso a fentin gwangwani, hannunmu ya saba da taɓa aiki a ji ko ya sha iska. Ka hana yaro, ka yi masa rantsuwa, ka rubuta a bango, sai ya faki idonka ya ɗora yatsa. Ban taɓa ganin wanda bai taɓa ba, har da ni mai ba ku labari. Shi ya sa Baba Filibus ya yanke hukunci ɗaya: wanda ya taɓa watansa, sharar shago tasa ce har ranar da zai shafe allon. Tsintsiyar tana bayan ƙofa, can take tun zamaninsa.

Tumba ya zo mini da damina, a shekarar da arewacin jihar nan ya kama da wuta. Lokacin Baba Filibus ya rasu, shago da allo sun dawo hannuna. Mutumin wani ƙauye ne a bayan Michika, cikin duwatsu, sunan nasa ma a wurin mutanensu na ɗa na uku ne. Ba ƙaramin yaro ba ne, ya haura ashirin, ya riga ya yi rubutun mota a Mubi, kuma hannunsa a haruffa ya fi nawa tsabta, ko da yake ban ga dalilin faɗa masa ba. Yana kwana a unguwar Ajiya wurin wasu 'yan cocinsu.

"Oga, rubutu na iya," ya ce. "Wanda ake ratayewa a falo nake so."

Na nuna masa allon, na karanta masa doka. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Oga, wannan teku ɗin, kai ka taɓa gani?"

Na ce ban taɓa ba.

"To mu biyu ne," ya ce, ya naɗe hannun riga.

Dariya ba ta yi masa wuya, aiki kuma ba ya ba shi tsoro. Samansa ya yi kyau tun karon farko. Ruwan ne ya ba mu wahala, don duk igiyar da ya tayar sai ta fito da kafaɗa da tsini, ta tsaya ƙyam. Na ce, "Tumba, teku na ce ka zana, ba duwatsun garinku ba." Ya ja da baya ya duba, ya fashe da dariya ya ce, "Oga, abin da ido na ya saba ke nan." Muka rage musu tsini, amma har ya gama ba su daina kama da duwatsu ba. Watansa kuwa, a duk waɗanda suka bi ta hannuna babu wanda ya ɗora irinsa. Ƙarami, can sama ta dama, da siririn gajimare a ƙarƙashinsa. Murza ɗaya ya yi ya janye hannu, kamar ya shekara yana yi.

Watan bai daɗe da hawa allo ba labari ya fara zuwa daga wajensu. Yau a ce masu tada ƙayar baya sun shiga wannan gari, gobe a ce wancan. Tumba ya yi ta kiran gida waya ba ta shiga. Wata safiya ya zo shago da 'yar jaka a kafaɗa.

"Oga, zan je in kawo Mama na da ƙanwa na. Hanya yana nan tukuna."

Na ce, "Tumba, ka je tasha ka gani. Motoci cike suke zuwa, wayam suke komawa. Kowa nan yake gudowa."

"Shi ya sa zan samu kujerar gaba," ya ce.

Na san ba zai tsaya ba, kuma da uwata ce a can ni ma ba zan tsaya ba. Na yi masa addu'a irin tawa, ya amsa da amin irin tasa. Har ya kai bakin ƙofa sai ya dawo, ya je gaban allon, ina kallonsa ƙiri-ƙiri ya ɗora babban yatsansa a tsakiyar watan ya danna.

"Bai bushe ba," ya ce.

Na ce, "Tumba! Ga tsintsiya can."

"Ajiye mini, Oga. In na dawo zan share, in shafe allon kuma."

Ya goge yatsan a jikin wandonsa ya fita.

Shekarar nan ba na fatan ku ga irinta. Jimeta ta cika ta batse. Mutane suna shigowa a ƙafa, da yara a baya da tabarma a ka, suna kwana a makarantu da coci-coci da masallatai da zaurukan mutane. Gidana ma sai da muka ba wasu mutanen Mubi ɗakin baƙi da rabin tsakar gida. Masu hali kuma suna loda motoci suna barin garin, don kowa na cewa mu ne na gaba. Wanda bai san ko zai kwana a falonsa mako mai zuwa ba, ba ya sayen abin ratayawa. Aikin da na ci abinci da shi a shekarar shi ne "Ba a shiga da jaka", da "Tsaya a bincika", da shafa wa durom ja da fari a shingen hanya, da rubuta lamba a jikin tantunan 'yan gudun hijira. Fentin zanena ya daskare a mazubinsa don ba a buɗe shi. Watan Tumba ya bushe ƙarau da sawun yatsa a tsakiya, layin wayar Tumba kuma bai sake shiga ba.

Sai da zafi ya dawo sosai, wata rana da azahar ina rubuta wani allo a bakin shago, na ga mata biyu sun tsaya a kaina. Dattijuwa ce ramammiya, silifas ɗinta ƙafa ɗaya ja ɗaya shuɗi, da wata budurwa riƙe da hannunta. Budurwar ce ta yi magana.

"Nan ne wurin Oga Sale? Mu ne na Tumba. Ni ƙanwarsa ce, Kwanye. Ga Mama."

Kafin in buɗe baki uwar ta leƙa cikin shagon, fuskarta a sake, ta ce, "Ya fita ne?"

Ashe ranar da ya bar nan, a ranar su kuma suka hau dutse suka tsallaka Kamaru. Can suka yi watanni, suka zagayo da ƙyar, kuma duk tsawon tafiyar abin da ke riƙe da su shi ne Tumba yana Jimeta lafiya lau, yana koyon zane. Na ajiye burushi na faɗa musu yadda aka yi. Mama ba ta yi ihu ba. Ta nemi wuri ta zauna a kan wani babban gwangwanin fenti, ta riƙe gwiwoyinta.

Mun nema. Mun zaga sansanoni, mun tambayi 'yan cocinsu, mun tambayi direbobin hanyar. Wani direba ya ce ya tuna shi, don wandonsa da farin fenti, ya sauke shi a inda mota ta daina wucewa, ya ga ya kama hanya da ƙafa. Iyakar abin da aka sani ke nan har yau.

An ƙone gidansu da komai a ciki, ko hotonsa ɗaya ba su tsira da shi ba. Don haka Mama ta ce in zana mata fuskarsa. Ni kuwa fuskar da na iya ita ce ta ƙofar masu aski, waɗanda duk uwa ɗaya uba ɗaya suke. Na dai yi iya ƙoƙarina a takarda, na goge na sake, na goge na sake. Da na miƙa mata ta duba da kyau ta mayar mini.

"Wannan yaron kirki ne," ta ce, "amma ba nawa ba."

Rashin abin da zan ba ta ne ya sa na jawo allon zuwa haske na ce ga aikin da ya bari. Teku bai dame ta ba, ba ta ma san shi ba. Ta bi shi da ido sama-sama har ta kai kan watan, sai na ga ta matsa har hancinta ya kusa taɓa allon. Ta kira Kwanye da yarensu. Ni da na yi watanni ina kallon sawun yatsan nan, ban taɓa lura da cewa akwai wani siririn layi da ya ratsa shi a karkace ba.

"Lauje ne," in ji Kwanye. "Yana ƙarami ya je yankan ciyawar awaki ya yanke. Ta ce da bakin zanenta ta ɗaure masa."

Mama ta ɗaga nata yatsan ta tsayar da shi a iska ta dube ni. "Ya bushe?"

Na ce ya bushe, Mama.

Ta ɗora yatsanta a cikin sawun nasa. Ni kuma na ce zan je sayen kananzir, alhali galan cike yake. Ba zan ɓoye muku ba, a bayan shago na tsaya na yi kuka.

Da na dawo na ce ta ɗauki allon, nata ne. Wallahi da zuciya ɗaya na faɗa, duk da allon Baba Filibus ne, watana kuma yana ciki. Ta girgiza kai.

"Ya ce zai dawo ya shafe, ko ba haka ya ce ba? To bar shi inda ya bari. In na ɗauka, in ya zo me zai samu?"

Haka allon ya zauna. Gari ya lafa, mutane da yawa suka koma, Mama ba ta koma ba don babu abin da za ta tarar. Ta kafa kaskon ƙosai a Ajiya. Duk Lahadi in an tashi daga coci sai ta biyo da Kwanye, ta zauna a kan gwangwanin nan nata ta ɗan huta, ta gaida allon da ido, su wuce.

Ni kuma doka ta ɗaure ni. Babu mai shafe allon sai mai zanen, mai zanen kuma bai dawo ba. A daidai lokacin injinan buga allon talla suka cika gari, rubutun hannu ya faɗi warwas, abin da ya rage mana wanda inji bai ƙwace ba shi ne fentin mai. Matasa suna zuwa, in koya musu haruffa, in sun ce zane sai in ce tukuna, su gaji su tafi wurin masu inji. Maƙwabcina kafinta, Bappa Hammadu, ya ce, "Sale, filawud ya ƙare a kasuwa ne? Ka bari in yanko maka sabo." Ya yanko. Na jingina shi na yi ta kallo, sumul, babu ƙulu ko ɗaya, babu kowa a cikinsa. Kuma ɗora wani a kansa, a raina, daidai yake da in ce wa Mama na daina jira. Ƙarshenta allon wani mai shayi na mai da shi. Shekaru suka yi ta wucewa, idona ya fara neman tabarau, hannuna ya fara rawa in na ɗaga shi sama. Na san in aka ci gaba a haka, abin da Baba Filibus ya ba ni da ni za a binne shi.

Kwanye ba ta iya zama haka kawai. In sun zo sai ta kama wanke burushi da kananzir da sabulu, ta jera su gashi a sama ba tare da an gaya mata ba. Wata Lahadi na juyo na tarar ta haɗa shuɗi da ruwan ƙasa a kan gilashi, kalar dare sak, wai tana gwadawa ne. Mama tana kallonmu. Ta ce, "Oga, me ya sa ba ka koya wa kowa wannan?" Na yi mata bayani kamar yadda na yi muku. Ta ɗaura ɗankwalinta suka tafi.

Lahadin da ta biyo, ko zama ba ta yi ba.

"Kwanye zai koya," ta ce, da Hausarta da ba ta raba mace da namiji. "Shi da Tumba nono ɗaya suka sha. In ya shafe, Tumba ne ya shafe."

Na ce, "Mama, in an shafe fa, yatsan ya tafi. Ba ya dawowa."

"Na sani. Na gani, ya ishe ni. Yaro na bai zo nan don ya rufe maka ƙofa ba."

Washegari da safe suka zo. Mama ta bar kaskonta ranar, ta ja gwangwaninta bakin ƙofa ta zauna tana fuskantar titi, ta ba mu baya. Na ɗora allon, na miƙa wa Kwanye samfefa. Ta fara daga ƙasa. Ina ji ina gani igiyoyin nan masu kama da duwatsun garinsu suka zama gari suna zuba a ƙafarta. Ta haɗa duhu ta tsinka shi, ta ɗauki babban burushi ta shafe ruwan, ta shafe layin, ta hau sama ta shafe gajimaren. Da ya rage saura watan sai ta ajiye babban burushin ta ɗauko ƙaramin na rubutu, wanda Tumba ke jan haruffa da shi. Ta dangwala, ta riƙe numfashi, ta bi gefen watan a hankali ta zagaye shi tsaf, ko ɗigo bai hau kansa ba. Ta ja da baya.

"Oga, na gama."

Ni Sale, da ban taɓa ɗaga wa kowa ƙafa a dokar allon nan ba, kalmar "da saura" ta zo har kan harshena. Na dubi allon, duhu ko'ina, sai ɗan watan nan shi kaɗai a sama da yatsa a cikinsa. Na ce, "Zare da alli suna cikin gwangwani. Ja layinki."

Jin haka Mama ta waiwayo. Ta daɗe tana kallo, sannan ta share fuska da gefen zanenta ta ce wa Kwanye, "Kar ka sa duwatsu irin na yayanka."

Kwanye yanzu ita ma oga ce, otal-otal da coci-coci suna layi a wurinta. Aiki ya taɓa kai ta Kalaba, ta dawo ta same ni har shago ta ce, "Oga, na ga teku. Ba ya zama shiru yadda kake zana shi." Na ce ta je ta gaya wa waɗanda suka saya. Bayanta mutane da dama sun bi ta kan allon nan, kowa ya zana samansa da ruwansa, ya shafe da hannunsa, ya zagaye watan da ƙaramin burushi. Fenti ya yi ta hawa a gefe, har watan ya koma cikin ɗan rami. Mama ta tsufa, ƙafa ta hana ta zuwa kowace Lahadi, amma in ta samu mai kawo ta tana zuwa.

Don haka ku ma a nan za ku fara. Watanku za ku ɗora shi a zanenku na biyu, ku taɓa shi kamar yadda kowa ya taɓa. A wannan allon kuwa wata yana nan, ba ku kuka sa shi ba, ba kuma ku za ku matsar da shi ba. Naku shi ne ku kawo masa sama da ruwa, ku sauko da haskensa daidai ƙarƙashinsa. Za ku ga ya fi wuya fiye da yadda kuke zato.

Kwanan baya wata daga cikinku, da ta ji guntun labarin a bakin Bappa Hammadu, ta tambaye ni, "Oga, to in ya dawo fa?"

In ya dawo, zai shafe watansa da hannunsa kamar kowa. Amma kafin nan akwai shara a kansa, don a gaban idona ya taɓa. Tsintsiyar tana bayan ƙofa, na ajiye masa.